Tsofaffin motoci a Batsari da Safana: Yadda gyaran giyabos ke cinye jarin masu su

Daga ƙauyukan mazaɓar Darini/Magaji Abu a Ƙaramar Hukumar Batsari har zuwa Runka a Safana, motar da ke kai rogo kasuwa ita ce ke kai mai naƙuda asibiti, ita ce kuma ke ɗauko 'yan biki. Sau da yawa motar ta girmi direbanta. Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera Golf 3 a 1991, ya kuma fito da wadda ta gaje ta a 1997. Peugeot J5, wadda har yau ake maƙare wa buhuna ranar kasuwa, an fara ƙera ta tun 1981.

Tsufan mota ba sabon abu ba ne a wannan yanki na yammacin Katsina. Abin da ya sauya shi ne lissafin. A da, idan mota ta fara yawan kwana a gareji, mai ita kan sayar ya cika kuɗi ya sayi wata da ta fi ta lafiya. Cikin shekaru goman da suka wuce wannan hanya ta kusa toshewa. Motar da za a canza da ita ta fi ƙarfin aljihu, kayan gyaran wadda ke hannu kuma da dala ake shigo da su. Inda wannan matsi ya fi bayyana shi ne ranar da giyabos ya ƙi aiki.

Yadda aka koma hawa gwanjo

A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, a daidai lokacin da Volkswagen ke haɗa nasa a Legas. Shekaru da dama ƙirar 504 ce motar gwamnati, motar ma'aikaci, motar haya. Kayan gyaranta na ko'ina, kuma kusan kowane bakanike a Arewa ya san cikinta da wajenta.

Faɗuwar darajar naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ta sa sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Daga nan aka karkata ga motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake kira Beljiyam ko tokunbo. Da yawa daga cikin waɗanda ke shigowa Katsina a tashar ruwan Kwatano ake sauke su, su ratso Jamhuriyar Nijar ta wajen Maraɗi, su shigo ta iyakar Jibiya.

Irin motocin da ake turowa ma abin dubawa ne. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari na motocin Afirka suka nufa. Wani bincike da hukumomin ƙasar Holan suka yi a kan motocin da ke fita ta tashoshinsu ya gano cewa akasarinsu ba su da takardar shaidar lafiyar hawa titi, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka aiko Najeriya sun kusa shekara 20.

Wannan kuwa shekarun motar ne ranar da ta sauka daga jirgi. Kafin ta iso tashar Batsari ko ta Safana, ta yi hannu biyu ko uku a Kano, Kaduna ko birnin Katsina. Ƙauye shi ne zangon ƙarshe na motar da birni ya gama cin moriyarta.

Ƙofofin da suka rufe ɗaya bayan ɗaya

Daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashoshin ruwa. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin. An buɗe wasu a Disambar 2020, amma ta Jibiya sai a Afrilun 2022. Juyin mulkin da aka yi a Nijar a Yulin 2023 ya sake jawo rufe iyakar, har zuwa Maris ɗin 2024. A 2022 kuma Hukumar Kwastam ta koma ƙiyasta harajin mota da lambar shasinta, abin da ya rage damar sasantawa a kan kuɗin fito.

Babban bugun ya zo ne a tsakiyar 2023. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai. Litar fetur da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024.

Ga yadda wannan ke isa gareji. A ɗauka, don misali, tsohon giyabos da ɗan kasuwa ya sayo dala 300 a ƙasar waje. A farashin farkon 2023 kuɗinsa naira 138,000 ne. A kan naira 1,500 ya zama 450,000, tun ba a sa kuɗin jirgi da na kwastam da na ɗauko shi daga Ladipo a Legas zuwa Kofar Ruwa a Kano ba, balle ribar dillali da ladan bakanike. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ke nan ƙarfe guda ya haura albashin wata shida na ƙaramin ma'aikaci. Manomin rogo kuwa ba shi da ko wannan tabbacin na ƙarshen wata.

Me ya sa giyabos ne ke fara gazawa?

Giyabos shi ne ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa tayoyi gwargwadon nauyi da gudu. Duk wahalar da mota ke sha ta nan take bi. Abubuwa uku ne suka fi cin sa a yankin.

Na farko lodi. Golf an ƙera ta ne don mutum biyar da 'yan jakunkunansu. A tasha kuwa an saba sa mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, but ɗin a buɗe an ɗaure buhuna da igiya. Buhun masara guda ya kai nauyin babban mutum har ya ɗara. Direba bai yin haka don son rai. Kuɗin mai ne ba ya fita idan bai yi ba. Amma duk buhun da aka ƙara, kuloci da giyabos ne ke biyan kuɗinsa daga baya.

Na biyu hanya. Da an sauka daga kwalta, sai yashi da rani, laka da kwazazzabai da damina. Motar da ta kafe a yashi, direba kan yi ta taka totur yana sakin kuloci rabi da rabi har ta fita. Minti kaɗan na irin wannan na iya ƙona faifan kuloci. Idan kuma aka ratsa rafi mai zurfi, ruwa na iya shiga giyabos ta hucin da ke samansa ya gauraya da mai, ya lalata shi a hankali ba tare da an sani ba.

Na uku man giya. Kowa ya san a canza baƙin mai, domin idan ba a yi ba inji zai nuna. Man giya kuwa shiru yake yi. Yakan yi ta ɗiga ta bakin shaf har ya ƙare, sai ranar da aka ji kuka ko giya ta fara fita da kanta ake tunawa da shi. A lokacin haƙoran ciki sun riga sun ci juna.

Otomatik: araha wajen saye, tsada wajen riƙo

Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da ya tara kuɗi ya shiga kasuwar motoci a Katsina yakan tarar da wani abin jan hankali: tsohuwar mota mai kyan jiki, mai sanyi, mai giyar otomatik, a farashin da bai kai na wata tsohuwar Toyota mai giyar hannu ba. Rahusar tana da dalili. Dillalai sun san abin da ke jiran mai saye.

Giyar otomatik da matsin mai take aiki. A cikinta akwai faifai masu yawa da ƙananan bawuloli da lantarki ke buɗewa da rufewa, kwamfutar mota kuma na ba su umarni. Babban makiyinta zafi ne. A motoci da yawa, man giyar ta cikin lagireto yake bi ya huce. Idan lagireton ya toshe, ko fanka ta daina juyawa a zafin Afrilu, ba inji kaɗai ke dahuwa ba, har da giyabos.

Wasu ƙirar ma da rauninsu suka baro masana'anta. A 2004 kamfanin Honda ya janye motoci fiye da miliyan ɗaya a Amurka domin gyara matsalar zafi a giyarsu ta otomatik, ciki har da Accord mai silinda shida da Odyssey da Pilot na farkon shekarun 2000. Giyar AL4 da ke cikin wasu Peugeot 406 da 307 ta yi suna wajen lalacewar bawulolinta, inda mota kan yi wata girgiza ta maƙale a giya ta uku. Irin waɗannan motoci suna nan birjik a kasuwar hannu ta Arewa.

Matsalar ba ta tsaya ga ƙarfen ba. Giyar hannu kusan kowane bakanike na bakin tasha zai iya sauke ta ya buɗe ya ga abin da ya karye. Otomatik kuwa sai an jona na'urar bincike an karanta abin da kwamfutar motar ta rubuta, kuma masu wannan na'ura da sanin aikinta sun fi yawa a manyan birane. Inda babu ita, sai a koma canke: yau a canza wannan, gobe a canza wancan, mai mota na biya. Kowace giya kuma da irin man da aka ƙayyade mata. Zuba wanda ba nata ba, ko jabu da aka ɗura a galan mai kyau, na iya kashe giya mai lafiya cikin 'yan watanni.

Idan ta mutu, zaɓi uku ne. A buɗe a gyara, wanda ke buƙatar gwani da kaya na asali. A sayo wata ta Beljiyam, wadda ita ma daga cikin tsohuwar mota aka ciro ta, garantinta kuma bai wuce na 'yan kwanakin gwaji ba. Ko a mayar da motar mai giyar hannu, aikin da ke buƙatar sauya feda da wayoyi, wani lokaci har da kwamfuta. Babu mai sauƙi a ciki.

Lissafin da ba a yi a tasha

Direban haya yakan ƙirga ribarsa da yamma: ya cire kuɗin mai, kuɗin ƙungiya, na ɗan kamasho, balas ɗin mai mota, abin da ya rage shi ne na cefane. Abin da ba ya shiga lissafin shi ne ƙarfen da ya ragu a ranar. Kowace tafiya tana cin wani abu daga kuloci da taya da shokazoba da giyabos, amma ba a ranar ake biya ba. Bashi ne da ke taruwa, ya zo a karɓa lokaci guda.

Ranar da ya zo, ba kuɗin gyara kaɗai ake asara ba. Sai an jawo motar zuwa gari, a aika Kano neman kaya, a jira. Kwanakin da ta yi a gareji babu balas, babu cefane. A nan ne ake sayar da tumaki, ko hatsin da aka ajiye don damina, ko a jinginar da gona. A yankin da satar shanu ta riga ta raba gidaje da dama da dabbobinsu, wannan asusun na gargajiya ma ya yi rauni.

Sai kuma tarkon da ya fi wuyar fita. Wanda ya sa kuɗi mai yawa a giyabos a wannan wata ba zai yarda ya sayar da motar wata mai zuwa ba idan inji ya fara hayaƙi, domin yana ganin asarar ta yi yawa. Sai ya ƙara zubawa. Kuɗin da aka riga aka kashe kuwa ba ya dawowa, ko an riƙe motar ko an sayar. Tambayar da ta dace ita ce nawa za ta ci nan da shekara guda, nawa kuma za ta kawo. Sai dai ko amsar ta nuna a rabu da ita, abin da za a samu idan an sayar ba zai sayi wadda ta fi ta ba. Gaba kura, baya sayaki.

A nan lalacewar mota batun rai ne

A birni, motar da ta tsaya a hanya ɓata lokaci ce kawai. A ƙananan hukumomin da ke gefen dajin Rugu, al'amarin ya wuce haka. Shekaru da dama Batsari da Safana suna cikin yankunan da suka fi fama da 'yan bindiga masu tare hanya da satar mutane. Direba da fasinja duk sun san wuraren da ba a so mota ta tsaya, da lokacin da ya kamata a ce an isa gida.

Matakan tsaro ma sun bar tabonsu a jikin motoci. Dokar da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen Agustan 2021 ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana motocin haya bin ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita man da za a sayar wa mota zuwa na naira 5,000 a 'yan gidajen man da aka ware, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin. A Satumbar shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari da Safana, na tsawon watanni. A waɗannan watanni ciniki ya ja baya, gyaran da ya kamata a yi aka ɗage, wanda motarsa ta lalace a daji kuma ba shi da hanyar kiran bakanike.

Yarjejeniyoyin sulhun da al'ummomi suka ƙulla da 'yan bindiga a 2025 a Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa sun sa zirga-zirga ta ƙaru a wasu hanyoyi. Amma motocin da suka koma bin hanyoyin su ne dai waɗanda suka sha wahalar shekarun baya.

A nan ma bambancin giyar hannu da otomatik ya fito fili. Mai giyar hannu idan batir ya mutu, fasinjoji su sauka su tura, ta tashi. Otomatik ba ta tashi da turi. Jan ta da igiya tafiya mai nisa tayoyinta na ƙasa kuma na iya ƙarasa giyar, domin famfon da ke zagaya mai ba ya aiki sai inji na juyawa. Wannan na cikin dalilan da suka sa 'yan haya na karkara ke manne wa tsohuwar Golf duk da shekarunta.

Abin da ke hannun mai mota

Kanikawa sun daɗe suna nanata cewa giyabos ba ya mutuwa farat ɗaya, yakan yi gargaɗi. A otomatik alamun su ne jinkirin shiga giya da safe, fizga lokacin canji, inji ya yi ƙara amma gudu bai ƙaru ba, da man da ya yi baƙi yana warin ƙuna. A giyar hannu kuwa, ƙarar haƙora lokacin sa giya, giya ta riƙa fita da kanta, ko kuloci ya riƙa kamawa can sama. Wanda ya tsaya a wannan mataki, sau da yawa roba ko bawul ko faifai kawai zai canza.

Mai shirin saye kuma ya fi masa ya je da bakanikensa, ba na dillali ba. A tuƙa motar har ta yi zafi sosai, domin wasu matsalolin ba sa fitowa sai an yi tafiya. A leƙa ƙarƙashinta a ga ko tana ɗiga. Kafin a biya, a tambayi kuɗin giyabos ɗinta da inda ake samunsa, a kuma tabbatar akwai mai iya gyara ta kusa. Motar da sai an kai Kano kafin a gane ciwonta ba ta mutumin Darini ba ce, komai kyanta. Kada kuma a zuba duk abin da aka tara a saye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, don haka a bar wani abu na gyaran farko.

Ga 'yan haya, ware wani ƙayyadadden kuɗi kullum da sunan gyara, ko yin adashi tsakanin direbobin tasha ɗaya don wannan buƙata kaɗai, ya fi sayar da akuya cikin gaggawa.

Abin da ya rage wa hukumomi

Manufofin da ake da su sun fi duba bakin teku. A 2020 ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'idar da za ta taƙaita shekarun ƙananan motocin da ake shigowa da su zuwa biyar, tare da ba ƙasashe wa'adin shekara goma su aiwatar. Ta fuskar hayaƙi da haɗurra, dalilin a bayyane yake. Amma idan aka rufe ƙofar tsofaffin motoci ba tare da an buɗe wata ba, ba sababbi za a gani a Batsari ba. Waɗanda ke nan ne za su ƙara shekaru a kan hanya.

Shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas na rage kuɗin mai, amma cibiyoyinsa na manyan birane, kuma ba ya gyara giyabos. Asusun naira biliyan 20 da hukumar bayar da lamunin kayan masarufi ta CREDICORP ta sanar a ƙarshen 2024 tare da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, na sayen motocin da aka haɗa a cikin gida ne, waɗanda farashinsu ya yi wa direban ƙauye nisa. Motocin hukumar sufuri ta jihar, KTSTA, sun fi bin manyan hanyoyi tsakanin garuruwa.

Abubuwan da za su taɓa rayuwar mai tsohuwar mota ƙanana ne, kuma jiha da ƙananan hukumomi na iya yin su. A horar da matasan kanikawa a kan giyar otomatik da lantarkin mota, a samar da na'urar bincike ko da guda ce a garejin kowace hedikwatar ƙaramar hukuma ta hannun ƙungiyar kanikawa. A bi sawun masu sayar da jabun mai da jabun kayan gyara. A samar da ƙaramin rancen gyara ta hannun ƙungiyar direbobi, wanda za a riƙa biya daga aikin kullum. A gyara kwalbatoci da wuraren da mota ke kafewa a hanyoyin da ke haɗa ƙauyuka da kwalta, domin kowane rami da aka cike kuɗin gyara ne aka rage wa mutane da dama.

Idan mota guda ta kwanta a ƙauyen da motocinsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, ba mai ita kaɗai ke ji ba. Kuɗin kai buhu kasuwa na tashi, rogon da aka tono ya fara lalacewa yana jiran lodi, mara lafiya kuma a ɗora shi a kan babur. Duk damina da ta wuce ba a yi komai ba, motocin na ƙara tsufa, kuma babu wasu a hanya da za su maye gurbinsu.